Rabin Maganar Kawu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga 'yarki da kika ce ta manta hanyar gida. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Yaya sugan Kawu? Ina fata yana bin dokar likita, ba dokar bakinsa ba. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan ciwon wuya irin na masu wuni gaban kwamfuta. Na so in kira ki, sai na tuna kin ce waya ta zame miki kamar ana magana cikin tulu. To ga takarda, kuma na gyara rubutuna iya gyarawa don kada tsohuwar malama ta ɗauko jan biro.

Kin tambayi yadda ofishina yake. Gwaggo, ba ni da ofis, tebur gare ni. Wani babban ɗaki ne a saman shagon masu sayar da tayal, kowa ya kama hayar teburinsa yana harkar gabansa. Intanet ɗaya, injin buga takarda ɗaya, butar shayi ɗaya, kuma a kan butar nan aka fi ɓatawa. A damana akwai mai lissafin haraji, wanda ba ya dariya sai ƙarshen wata. A haguna wata mai haɗa bidiyon talla ce, muna kiranta Almakashi saboda yanka da liƙi ne sana'arta. Can a lungu akwai wani akurkin gilashi da ake shiga a amsa waya, wai don sirri, alhali duk abin da aka faɗa a ciki har masu tayal suna ji.

Aikina kuwa, bari in faɗa miki shi da Hausar gida. Kin ga yadda damina ta rikice, zafi ya ƙaru. Majalisa na son yin dokar rage hayaƙin manyan motoci da manyan injinan dizal, amma duk sanda aka kusa kaɗa ƙuri'a sai a ɗage. Wata ƙaramar cibiyar bincike ta ɗauke ni in gano masu yi wa dokar ƙafar ungulu. Manyan dillalan mai ne, amma ba sa nuna fuska. Sun kafa wata Ƙungiyar Kare Tukunyar Talaka, ita ke kwasar mutane a bas zuwa duk garin da majalisa ta je jin ra'ayin jama'a. Daga baya sai ta yaɗa gajerun bidiyonsu a wayoyi, a ce ga talaka ya ƙi doka.

Ga abin dariyar. Na tara bidiyon nan ina kallo, sai Almakashi ta leƙo ta ce, “Wannan baban ai jiya ma na gan shi a allonki.” Muka jera. Wani tsoho ne siriri mai farin gemu da tabarau. A gari na farko ya sa malafa ya ce shi manomi ne. A na biyu ya sa hana-sallah ya ce direba ne. A na uku ya zo da farar hula, wai mai sana'ar ƙanƙara. Abin da ya tona shi, ɗan ƙaramin yatsansa na hagu guntule ne, kuma kullum da magana ɗaya yake buɗe baki: “Ni dai ba mai dogon zance ba ne.” Da rana muka haska shi a babbar talabijin ɗin ofis, aka yi ta dariya, har mai haraji sai da ya dara alhali wata bai yi nisa ba. Mun raɗa masa Baba Huluna Uku.

Dole rahotona ya fita kafin ƙuri'ar watan gobe, kuma tsohon nan ne babbar hujjata. Ki taya ni addu'a. Ki gaishe da Kawu, ki ce masa har yanzu ina tuna alawar da ya saya mini a tasha ina 'yar mitsitsiya.

'Yarki,
Uwar Tambaya

Uwar Tambaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Ƙafa da sauƙi, Kawunki yana shan magani. Ba zan tsawaita ba, hannuna ba ya son biro yau.

Tsohon nan da kika ba ni labari, ki fita harkarsa. Ki cire shi daga aikinki. Ba ki san shi ba, ba ki san abin da za ki taɓo ba.

Allah ya tsare.

Gwaggonki

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Kawu, Allah ya ƙara sauƙi. Na yi ta jiran amsarki har mai gadinmu ya fara ce mini “babu” tun kafin in tambaya. Da ta zo kuma sai na ga takardar ba ta kai tafin hannu ba. Ke da kike cika shafi a kan kazar maƙwabta! Na juya bayanta ko akwai ci gaba, na ga wayam.

Na karanta na sake karantawa, sai na gane tsoro ne ya kama ki. Kina ganin tsohon yana da manya a bayansa, za su yi mini wani abu. Gwaggo, ki kwantar da hankalinki. Ba a shiga ɗakin nan sai da kati, kuma ba na tafiya gida ni kaɗai, ni da Almakashi hanyarmu ɗaya. Ke kika koya mini cewa in an ga ƙarya aka yi shiru, an taya ta. Ba zan fara ja da baya a kan tsoho mai canza hula ba.

Ai magana ma ta yi gaba. Shugabar cibiyarmu ta ga bidiyon ta ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Hotunansa uku za a jera a bangon rahoton, a rubuta a ƙasa: “Mutum ɗaya, ƙarya uku.” Almakashi ta riga ta tsara shi, ya yi kyau har mai haraji ya nemi a ba shi kwafi. Ba na jin tausayinsa ko kaɗan. Mutum da furfurarsa ya sayar da bakinsa, alhali jikokinsa ne za su sha zafin da ke tafe. In an ga fuskarsa a ko'ina, gobe wani zai ji kunyar hawa bas ɗin.

Abu ɗaya ya rage, ban san sunansa ba. Tunda Kawu ya daɗe a tasha, ki kwatanta masa shi, gemun da yatsan da komai, ko Allah zai sa ya san shi.

'Yarki,
Uwar Tambaya

Uwar Tambaya,

Bayan sallama, muna nan lafiya gwargwado. Ƙafar ta sauka, sai barci ne ya ƙi zama. Wancan karon na yi miki hannunka mai sanda ba ki gane ba, laifina ne, yanzu zan faɗa miki ɓaro-ɓaro.

Kin ce in tambayi Kawunki ko ya san tsohon. Ya san shi, kullum da safe yana ganinsa a madubi. Baba Huluna Uku mijina ne.

Ban ga laifinki da ba ki gane shi ba. Rabonki da shi tun yana ƙato mai tumbi, ba gemu ba tabarau. Suga ya zuƙe shi. Yatsan kuma belin injin ƙanƙara ne ya cinye shi bayan kin tafi makaranta, ni na naɗe hannun da ɗankwalina muka tafi asibiti. Ina zuwa wurin “ba mai dogon zance ba ne” a takardarki na ajiye ta, don da wannan maganar ya nemi aurena, kuma bai yi shiru ba har yau. A tasha Rediyo suke kiransa.

Yanzu ki saurara, ke mai bincike. Kawunki direba ne, motarsa tana nan a ƙofar gida, yana fita da ita in idonsa ya yarda. Kawunki manomi ne, gonarsa tana bayan gari. Kawunki mai ƙanƙara ne, injin yana cikin gareji yana hana ni jin kiran salla. A wurinku mutum ɗaya tebur ɗaya. Mu nan wanda ya riƙe sana'a ɗaya yunwa yake nema. Ina ƙaryar take?

Ba zan wanke shi tas ba. Wasu masu gogaggun riguna sun zo tasha suka ce in dokar ta wuce za a ƙwace duk tsohuwar mota, a kulle duk janareta. Ya dawo gida ya kasa cin abinci. Da suka kawo bas na ce, “Malam, kada ka hau. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.” Ya ce shi ba lada zai je nema ba, magana zai je faɗa. Su ne ke ce masa, “Baba, yau zancen gona kawai za ka yi,” gobe su ce zancen mota. Hula kuwa kin san shi, wadda hannunsa ya taɓa ita yake ɗorawa.

Ban nuna masa takardunki ba. 'Yata, mutumin nan ba shi da komai sai sunansa. In aka yi ciniki a unguwa shi ake kira shaida, in ma'aurata suka saɓa shi ake nema, don an san zai cika ku da surutu amma ba zai yi muku ƙarya ba. Ranar da hotonsa ya fita da wannan rubutu a ƙasa, ba zai sake zama a bencin tasha ba, kuma ina tsoron abin da zai yi wa lafiyarsa.

Ban ce ki bar aikinki ba. Ni ma ina da ido, na ga masarar bara ta ƙone a tsaye, na ga ruwan bana ya zo a fusace ya tafi da katangarmu. Amma dariyar da kuka yi a gaban talabijin ta iso har nan, kuma ta yi mini ciwo.

Gwaggonki

Gwaggo,

Ina gaishe ki, in har za ki amsa. Yaya barcin? Yaya Kawu? Kunyar rubuta sunansa ma nake ji.

A teburina na buɗe takardarki. Ina kaiwa wurin madubi na tashi na shiga akurkin gilashin na yi kuka, na manta kowa na ganina. Mai haraji ya je ya ciro kwafin bangon da ya liƙa a gefen teburinsa ya kawo mini a kife. Ki yafe mini. Na ga abin da nake son gani ne, ban tsaya na tambayi ko mutum zai iya zama duka ukun ba, ni da ake kira Uwar Tambaya.

Na faɗa wa Almakashi. Ta jawo kujerarta ta ce mu sake kallo, wannan karon ba fuskarsa za mu duba ba. A bidiyon gona akwai robar ruwa a kan teburin da ke gabansa. Yana cewa “Ni manomi ne” robar a cike take. Yana cewa “wannan doka za ta kashe mu” ruwan ya koma rabi, kuma ba a ga sanda ya sha ba. Ta ce, “An yanke nan, kuma ba kaɗan ba. Wanda ya yi ya iya aiki, amma ya manta da robar.” Muka duba sauran biyun, su ma haka. A ɗaya ma matar da ke zaune bayansa ɓacewa ta yi ɗungurungum.

Na je majalisa neman cikakken faifan, aka ce na'urarsu ta samu matsala a ranakun. Ke nan babu wanda ya san abin da aka cire sai Kawu da waɗanda suka cire.

Batun ƙwace mota kuma ba gaskiya ba ne. Na bi dokar layi-layi. Manyan kamfanoni ta fi shafa. Mai mota ɗaya da mai ƙaramin inji an ba su shekaru, har da tallafin canza inji, sai dai tallafin bai taka kara ya karya ba, kuma wannan abin a yi magana ne a kansa. Ga shafin nan na haɗo miki, ki karanta masa da kanki.

Na ce wa shugabarmu a janye bangon. Ranta ya ɓaci, ta ce na rushe mata gini ana gab da rufi. Na ce gara mu rasa bango da mu buga ƙarya a rahoton da ke kama masu ƙarya. Ta yarda, amma ta ce in ban kawo abin da ya fi shi ba kafin a kai wurin bugawa, wani za a ba aikin.

Ba zan ɓoye miki ba, Gwaggo, ba zan iya cire bidiyon daga rahoton ba, su ne aikin, kuma sun riga sun cika wayoyin mutane. Abin da zan iya shi ne in rufe fuskarsa, in ɓoye sunansa, har yatsan Almakashi za ta lulluɓe. Amma ina bukatar sanin abin da ya faɗa a wurin da aka yanke. Na turo bidiyon ukun a wayarki. Ki nuna masa, ki kuma ba shi takarduna duka, har wadda na zage shi a ciki. In ya ce kada in sake kiransa Kawu, na cancanta.

Ina jira, kuma wannan karon ko layi ɗaya kika rubuto zan karanta shi da hankali.

'Yarki

Uwar Tambaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, barci ya dawo, har ya fara wuce gona da iri. Na san kin ƙagu. Jinkirin nawa ne, na yi ta ɗaukar wayar ina ajiyewa, ina neman ranar da sugansa ya kwanta.

Ashe bai taɓa ganin bidiyon ba. Na ba shi wayar bayan ya karya kumallo, ya gyara tabarau ya kalli ukun a jere bai ce uffan ba. Tunda na aure shi ban taɓa jin shirunsa ya kai haka ba, har na fara laluben kwalbar magani. Can sai ya ɗago ya ce, “Ina sauran?”

Na ce, “Wane saura, Malam?”

Ya ce, “Ni da na yi magana har mai riƙe da makirfo ya canza hannu? Wannan ai ko gaisuwa ban gama ba!”

Ga abin da ya ce ya faɗa a ranar gona. Ya ba su labarin masarar da ta ƙone. Ya ce hayaƙin tasha ne ya sa wa jikarmu ciwon ƙirji, kuma motarsa na cikin masu yin sa, bai musa ba. Sannan ya ce in za a hana hayaƙi a bar talaka ba taimako, wannan doka za ta kashe mu, don haka a gyara ta a yi ta da mu. Kin ga wutsiyar suka ɗauka suka yar da saniyar.

Na karanta masa shafin dokar. Ya sa na maimaita wurin tallafin, ya ce wannan kuɗin ko taya ba zai saya ba, kuma a kan wannan ya kamata a ce an kai shi ya yi faɗa. Daga nan ya ɗauki rigar da ƙungiyar ta ba shi ya nufi tasha. An ce ya sami wakilinsu yana rubuta sunayen masu hawa bas na gaba, ya ajiye masa rigar ya ce, “Wa ya yanke mini magana?” Mutumin ya ce, “Haba Baba, lokaci ne ya yi kaɗan.” Kawunki ya ce, “Da ka ce in taƙaita, da na ƙi. Amma da ba ka sa ni na faɗi abin da ban faɗa ba.”

Abin bai tafi salin-alin ba. Wasu abokansa sun ja jiki, suna cewa 'yar boko ta juya masa kai, har wani ya daina sayen ƙanƙararsa. Ya ji zafin wannan, ko da yake ba zai faɗa ba. Amma jiya mutum biyu sun zo har gida da wayoyinsu, suna tambaya ko abokiyar aikin nan taki za ta duba musu nasu.

Takardunki kuma ya sa na karanta masa duka. A wurin “ya sayar da bakinsa” ya sunkuyar da kai, ya ce, “Yarinyar da na ɗora a cinyata tana murza sitiyari.” Na ji tausayinsa, na ji naki. Da na kai wurin kukanki a cikin gilashi sai ya ce ya isa, wanda ya yi kuka a gaban abokan aikinsa ya biya. Ya ce in gaya miki ke 'yarsa ce, kuma da kina zuwa gida da ba a yi haka ba. Wannan ni ma na sa hannu.

Ya ƙi ya ba ni sauran jawabin in rubuta, wai biro ba zai iya bin sa ba. Zuwa zai yi da kansa ya faɗa a gaban na'urarku tun daga fari har ƙarshe. Ki ce wa Almakashi ta ajiye almakashinta a gida. Ki kuma roƙi mai haraji haƙuri tun yanzu, don ranar ba zai yi lissafi ba.

Na faɗa masa batun rufe fuska da ɓoye suna. Ya ce kada ki rufe komai, har yatsan. Da fuskarsa aka yaɗa rabin magana, da ita za a yaɗa cikonta, kuma a rubuta sana'o'in uku a ƙasan sunansa, kada a rage ko ɗaya.

Motar safe za mu shigo ranar Alhamis, ni da shi. Ki zo tasha ki tarye mu. Ki tsaya a bakin ƙofa inda zan gan ki, ni zan nuna miki shi da hannuna.

Gwaggonki